Wanda Fara'a Ba Ta Saye Shi: Aikin Abokin Hamayya a Rayuwar Jarumin Anime

A saman benen asibitin garin Konoha akwai manyan tankunan ruwa guda biyu, kuma a ganina babu inda labarin Naruto, katun ɗin Japan (anime) na yara 'yan ninja, ya faɗi gaskiyarsa kamar a gindin tankunan nan. Sasuke, abokin hamayyar Naruto, bai daɗe da farfaɗowa daga jinya ba ya dubi Naruto ya ce su hau sama su gwada ƙwanji. Faɗa ya yi zafi har kowa ya zaro makaminsa na ƙarshe, Sasuke da walƙiyar Chidori a tafin hannu, Naruto da dunƙulen Rasengan, Sakura kuma ta ruga tsakaninsu tana kuka. Malaminsu Kakashi ne ya faɗo ya cafke hannayensu, ya wurga kowa jikin tanki ɗaya. Hannun Sasuke ya huda nasa tankin, ruwa na ta kwarara. Na Naruto kuwa ɗan lotsawa kawai ya yi, ruwa na ɗiga ta wata 'yar kafa. Sasuke ya yi murmushin wanda ya yi nasara. Sai da ya dire ƙasa ya ɗaga kai, sannan ya ga bayan tankin Naruto ya tarwatse gaba ɗaya.

Yaron da ajinsu duka ke yi wa dariya, wanda ya faɗi jarabawar fita makaranta har sau uku, ya kamo zakaran ajin, ya ma fara wuce shi. Tambayar da ta dame ni tun ranar da na ga wannan wuri ita ce: me ya kai Naruto nan? Amsar da aka fi bayarwa ita ce dodon yanyawa mai wutsiya tara da aka rufe a cikinsa, ko horon da wani malaminsa, Jiraiya, ya ba shi. Duk gaskiya ne. Amma ƙarfi da horo kayan aiki ne, sai da abin da zai hana mutum barci kafin ya ɗauke su. Abin da ya hana Naruto barci shi ne wannan yaro mai ɗaure fuska da ke tsaye yana kallon tanki.

Jaruman katun ɗin Japan da ake yi domin samari kusan ƙirarsu ɗaya ce. Mai fara'a ne, mai surutu, mai ci kamar gara, zuciyarsa a tafin hannu. Goku na Dragon Ball haka yake, Luffy na One Piece haka yake, Naruto da Hinata Shoyo na Haikyu ma haka. Farin jinin nan shi ke jawo mai kallo, amma ga marubuci tarko ne. Mai farin jini kowa uzuri yake yi masa. Malami ya yafe masa, abokai su rufa masa asiri, mai kallo kuma ya so shi tun kafin ya tsinana komai. To mutumin da ake so a yadda yake, me zai sa ya canza?

Mugun labari ba ya iya wannan aiki. Shi baƙo ne, ya zo, a sha wahala da shi, a doke shi, ya wuce. Malami ma ba ya iyawa, don ya yi nisa. Ɗalibi ba ya jin kunya idan malaminsa ya fi shi. Wanda ke iyawa tsara ne. Shekarunku ɗaya, ajinku ɗaya, abin da kake nema shi yake nema, ya fi ka, kuma murmushinka ba ya masa komai. A duk faɗin labarin shi kaɗai ne fara'ar jarumi ba ta saye ba, saboda haka shi kaɗai ne jarumin zai biya da aiki.

Abin mamaki, Sasuke ba ya cikin shirin farko na Masashi Kishimoto, mai zanen Naruto. Editansa ne ya ba shi shawarar ya yi wa Naruto abokin hamayya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san mujallar Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, inda Naruto ya fito a matsayin labarin zane daga 1999 zuwa 2014, babi 700 cif. Mujallar ta fara fitowa a 1968, kuma a tsakiyar shekarun 1990 tana buga kwafi sama da miliyan shida a mako. Masu karatu na aika ƙuri'ar labaran da suka fi so, wanda ya daɗe a ƙasa a datse shi ko da bai kai ko'ina ba. Mai zane na da shafi kusan 19 duk mako, kuma dole mai karatu ya ji a jikinsa cewa jarumi ya matsa gaba. Ta yaya za a nuna ci gaba a takarda? Idan ka ce ƙarfinsa ya ninka, magana ce kawai. Idan ka ajiye wani yaro a gefensa, wanda jiya ya fi shi, yau suka yi kunnen doki, ido ya gani da kansa. Don haka abokin hamayya, kafin ya zama komai, ma'auni ne da kasuwa ta tilasta. Taken da aka san mujallar da shi kalma uku ne: abota, ƙoƙari, nasara. Abokin hamayya ne kaɗai halitta a labari da ke ɗauke da ukun a lokaci guda.

Amma ma'auni kaɗai ba ya sa mutum kuka. Abin da Kishimoto ya yi da shawarar editansa ya wuce haka, kuma a farkon labarin ya fi kyau, lokacin da yaran ba su iya rusa duwatsu ba tukuna.

A tafiyarsu ta farko wajen gari, wasu 'yan ninja biyu suka yi musu kwanton ɓauna. Naruto, mai cika bakin zai zama Hokage, shugaban gari, ya daskare a tsaye. Sasuke ya yi faɗan, sannan ya waiwayo ya tambaye shi ko ya ji ciwo, ya kira shi matsoraci. Duk garin Konoha sun shekara goma sha biyu suna ƙyamar Naruto, ya saba, ya mayar da ƙyamar abin wasa da shafa wa fuskokin shugabanni fenti. Wannan kalma ɗaya ce ta ratsa shi, domin gaskiya ce, kuma daga bakin tsara ta fito. Ya zaro wuƙa ya caka a bayan hannunsa inda guba ta shiga, ya rantse ba zai sake tsayawa wani ya cece shi ba. A nan surutunsa ya fara zama alkawari. Kafin ranar, idan ya ce zai zama Hokage, kukan maraya ne mai neman a dube shi. Bayanta, bashi ne ya ci a gaban shaida.

Sai darasin hawan bishiya ba da hannu ba. Sakura ta iya tun a gwajin farko, ta zauna a reshe tana kallonsu, kuma babu wanda ya damu da ita a cikin su biyun. Wannan ma abin lura ne: hamayya ba ta bin wanda ya fi iyawa, tana bin wanda zuciya ta zaɓa. Naruto da Sasuke suka kwana suna gudu a jikin itace, kowa na tsaga alamar inda ya kai da wuƙa, kowa na satar kallon alamar ɗan'uwansa. Naruto ya sauke girman kai ya je ya tambayi Sakura sirrin abin. Daga baya Sasuke, cikin jin nauyi, ya tambayi Naruto me ta faɗa masa. Suka dawo gida da daddare ɗaya na rataye a kafaɗar ɗaya. Kwanaki kaɗan bayan haka, a kan gada, Sasuke ya tare allurai da jikinsa don kada su sami Naruto, ya ce jikinsa ne ya motsa da kansa. Can gaba kuma, a dajin jarabawar Chunin ta ƙarin matsayin ninja, lokacin da tsoron mugun ninja Orochimaru ya kama Sasuke, Naruto ne ya tare ƙaton maciji da bayansa, ya ɗago kai ya mayar masa da kalmarsa ta matsoraci. An biya bashi da kuɗin da aka ci shi.

Harshenmu ya riga ya fahimci wannan abu. Muna cewa abokin hamayya, abokin karawa, har ma abokin gaba. Ba mu iya kiran wanda ya tsaya mana a gaba ba sai mun fara da aboki. Japanawa ma suna da irin wannan. A labarin Hokuto no Ken na shekarun 1980, akan rubuta haruffan da ke nufin "maƙiyi mai ƙarfi", sai a ɗora ƙananan haruffa a gefe da ke umartar mai karatu ya furta su da "tomo", wato aboki. Ido na ganin maƙiyi, baki na cewa aboki.

Mu koma gindin tanki. Abin da ya sa wurin ya fi ƙarfin faɗan yara shi ne, a nan hamayyar ta juya. Tun farko Naruto ke bin Sasuke. Yanzu Sasuke ne ke jin numfashin Naruto a ƙeyarsa, kuma bai da zuciyar da za ta ɗauki hakan. Ɗan hakin da ya raina ya tsone masa ido. Naruto ya doke Gaara, wani hatsabibin yaro daga wani gari, wanda shi Sasuke ya kasa dokewa. Yayansa Itachi, wanda ya kashe danginsu na Uchiha, ya dawo gari, kuma neman Naruto ya zo yi, Sasuke kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Yaro ne da ya gina rayuwarsa kaf a kan ramuwa, kuma ga ma'aunin da ke gefensa na faɗa masa bai matsa ba. Abin da ya zama taki ga Naruto ya zama guba ga Sasuke. Ya bar gari ya tafi wurin Orochimaru, suka gwabza a Kwarin Ƙarshe a ƙarƙashin gumakan Hashirama da Madara, waɗanda suka kafa Konoha, Naruto ya faɗi, Sasuke ya wuce.

Ina ganin nan ne ake gane ko hamayya ta gina jarumi ko ta zame masa sandar dogarawa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Idan aka ɗauke abokin hamayya, me ya rage a jikin jarumin?

A wajen Naruto amsar rabi da rabi ce, kuma ina faɗar haka a matsayin wanda ke ƙaunar labarin. Rabin mai kyau shi ne, rashin Sasuke ya canza ma'anar burinsa. Da yana son zama Hokage don a san da shi. Yanzu yana tambayar kansa wane irin shugaba ne wanda ya kasa ceto aboki ɗaya. Wannan tambaya ce ta ba shi kunnen sauraron Nagato, mutumin da ya rusa Konoha, maimakon ya kashe shi. Ya san yadda ramuwa ke cinye mutum, don ya gani da idonsa a fuskar wanda ya fi kusa da shi. Rabin da bai gamsar da ni ba shi ne tsawon bin. Ɗaruruwan babi Naruto na kiran sunan wanda ya sha yunƙurin kashe shi. Ya bar wata 'yar ninja ta garin Kumo ta lakaɗa masa duka a madadin Sasuke, ya durƙusa a cikin dusar ƙanƙara yana roƙon Raikage, shugaban garin Kumo, daga baya ma numfashinsa ya sarƙe ya faɗi. Akwai kyau a ciki, amma akwai kuma inda aminci ke komawa ciwo, kuma labarin bai tsaya ya dubi wannan ciwo sosai ba. Sannan a ƙarshe aka ce wai su biyun magada ne na ruhin wasu 'yan'uwa biyu na zamanin da, Asura da Indra. Wannan ya rage wa abin daraja a idona. Naruton da ya doke wani yaro mai suna Neji yana musanta cewa ƙaddara ta rufe littafi, sai ga shi an ce hamayyarsa ma gadonta ya yi. Na fi son ta a yadda ta fara, marayu biyu a bakin ruwa, ɗaya zaune ɗaya na wucewa, kowa ya kau da kai, sannan kowa ya yi murmushi a ɓoye. Duk da haka, faɗan ƙarshe ya biya: suka kwanta jina-jina, Naruto babu hannun dama, Sasuke babu na hagu, Sasuke ya furta da bakinsa cewa an ci shi.

Dragon Ball na Akira Toriyama, wanda ya fito daga 1984 zuwa 1995, ya bi wata hanya dabam. Goku kusan ba ya canzawa. Ƙarfinsa na ƙaruwa, halinsa na nan. Waɗanda ke canzawa su ne masu karawa da shi: Yamcha, Krillin, Tenshinhan, Piccolo, duk da adawa suka shigo, duk suka zauna. Vegeta ne babba, ɗan sarki da aka haifa da ƙarfi, wanda ya kasa haɗiye cewa ɗan talakan ƙabilarsu ya wuce shi, ya ɗauki shekaru kafin ya amsa a ransa, lokacin yaƙi da dodo mai suna Buu, cewa Goku ne na ɗaya. To me Vegeta ya yi wa Goku? Ya tona shi. Bayan faɗansu na farko, Vegeta na rarrafe zuwa jirginsa, Krillin ya ɗaga takobi zai gama da shi, Goku ya roƙe shi ya bari. Dalilinsa ba tausayi zalla ba ne, ya faɗa da bakinsa cewa yana son ya sake karawa da shi. Mutumin da zuwansa ya jawo mutuwar abokansa! A nan mai kallo ya fara ganin cewa a ƙarƙashin wannan dariya mai daɗi akwai yunwar faɗa da ke iya sa duniya cikin haɗari. Ba kullum abokin hamayya ke gyara jarumi ba. Wani lokaci fitila yake haskawa a kusurwar da fara'a ta rufe.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara, kuma My Hero Academia na Kohei Horikoshi ne ya fi jawo shi. Bakugo ya shekara da shekaru yana cin zalin Midoriya, yaron da aka haifa ba shi da baiwa a duniyar da kashi 80 cikin ɗari ke da ita. Ya laƙaba masa Deku, wato marar amfani, kuma a babin farko har ya ce masa ya faɗo daga saman bene. Wannan ba hamayya ba ce, zalunci ne, kuma ba na son a koya wa yaro cewa mai cin zalinsa malaminsa ne. Abin da ya ceci labarin shi ne bai yi kamar ya manta ba. Ya nuna tushen abin: ranar da Bakugo ya faɗa rafi suna ƙanana, Midoriya ya miƙa masa hannu, shi kuma ya ɗauki hannun a matsayin raini. Ya bar Bakugo ya karye da laifin da yake ɗora wa kansa na ritayar All Might, gwarzon da su biyun ke koyi da shi. Kuma sai bayan babi sama da 300 ya sa shi ya sunkuyar da kai cikin ruwan sama ya nemi gafara, ya kira shi da sunansa na yanka, Izuku. Hamayyarsu ta gaskiya ba ta fara ba sai da Midoriya ya daina rawar jiki a gabansa. Kafin nan, wanda ake takawa ne da mai takawa.

Idan aka ce in nuna inda aka yi abin nan da kyau daga farko har ƙarshe, Haikyu na Haruichi Furudate zan nuna, labarin ƙwallon raga da ya fito daga 2012 zuwa 2020. Hinata Shoyo gajere ne, bai kai santimita 165 ba, a wasan da tsawo ke mulki. Ba shi da komai sai tsalle da gudu da fuskar da ke sa kowa ya so shi. A wasansa ɗaya tilo na ƙaramar sakandare, da ƙungiyar da ya harhaɗa da abokan da ba su iya wasan ba, Kageyama Tobio ya lallasa su, sannan ya tsaya a bakin raga ya tambaye shi abin da ya yi da shekaru ukun da suka wuce. Tambaya ce mai zafi, amma a cikinta akwai girmamawa: shi kaɗai a filin ya ga abin da ke jikin yaron, ya ji haushin an bar shi ya lalace. Hinata ya rantse zai doke shi. Ya shiga makarantar Karasuno a lardin Miyagi, ya buɗe ƙofar ɗakin wasa, ya tarar da Kageyama a ciki.

Dabarar Furudate ita ce ya ɗaure su a igiya ɗaya. Kageyama mai ɗaga ƙwallo ne, Hinata mai dukanta; babu wanda zai ci maki sai da ɗayan. Suka ƙirƙiro harin da ya girgiza kowa: Hinata ya ruga ya yi tsalle ido rufe ya kai hannu, Kageyama ya aiko ƙwallo daidai tafin hannunsa. Abin sha'awa ne, kuma mai kallo na tafi. Amma a duba da kyau, wa ke yin aikin? Kageyama. Hinata yarda kawai ya kawo. Farin jininsa da baiwar abokin hamayyarsa sun haɗu sun rufe gaskiyar cewa bai iya tarbar ƙwallo ba, bai iya karanta fili ba, bai iya komai shi kaɗai ba.

Labarin bai bar shi ya ɓuya a nan ba. Bayan ƙungiyar makarantar Aoba Johsai ta tare wannan hari a makin ƙarshe ta fitar da su, Hinata ya ce zai daina rufe ido, yana son ya yi faɗansa a sama da kansa. Kageyama ya ƙi, don abin da ke aiki ba a taɓa shi; har suka ba hamata iska a ɗakin wasa. Kowa ya tafi ya koyo nasa, Hinata wurin tsohon koci Ukai, Kageyama ya ƙera wata ɗagawa da ke tsayawa a iska daidai inda hannu zai same ta. Sai babban gwaji ya zo. Aka gayyaci Kageyama sansanin matasan ƙasa, aka gayyaci ɗan ƙungiyarsu Tsukishima na lardi, Hinata babu wanda ya kira shi. Ya kutsa sansanin lardin ba gayyata. Koci Washijo na makarantar Shiratorizawa, wanda shi ma gajarta ta kashe masa buri yana saurayi, ya faɗa masa a fuska cewa ba ya ganin darajarsa idan babu Kageyama. Ya bar shi ya zauna a matsayin mai tsintar ƙwallo, ba horo, ba abinci, ba wurin kwana.

Waɗannan babi na tsintar ƙwallo su ne na fi so a duk labarin. Babu tsalle, babu tafi, babu wanda fara'arsa ta amfana. Yaro ne a bayan fili yana kallo, a karon farko yana lura da yadda kafaɗar mai duka ke nuna inda ƙwallo za ta, yadda mai tarba ke gyara ƙafa kafin a buga. Abin da Kageyama ke yi masa a da, wato tunani, yanzu shi ke yi. Da suka haɗu da Inarizaki a gasar ƙasa, ƙwallo mai ƙarfi ta taho, sai ga Hinata a daidai wurin, ya tarbe ta tsaf ta tashi sama. Kageyama, wanda yabo ke yi wa wuyar fita, ya yaba. Maki nawa Hinata ya ci kafin nan, amma wannan tarba ɗaya ta fi su nauyi, don tasa ce shi kaɗai. Bayan zazzaɓi ya kayar da shi a tsakiyar wasansu da Kamomedai, ya ƙara koyon cewa cin abinci da barci ma horo ne. Da ya gama makaranta ya tafi Rio de Janeiro a Brazil, yana kai saƙon abinci a keke, yana buga ƙwallon raga ta bakin teku, inda mutum biyu ne kawai a gefe, dole kowa ya iya komai. Ya yi nisan rabin duniya da Kageyama domin ya cancanci tsayawa a gabansa, kuma da ya dawo suka tsaya, raga a tsakaninsu.

Duk waɗannan jikoki ne. Kakan shi ne Ashita no Joe, labarin damben zamani na Asao Takamori da mai zane Tetsuya Chiba, wanda ya fito a Weekly Shonen Magazine daga 1968 zuwa 1973. Joe Yabuki ɗan titi ne mai baki da kwarjini, mai damfara, wanda tsohon ɗan dambe Danpei Tange ke roƙo ya koyi sana'ar yana yi masa dariya. Babu abin da ya sa Joe ya ɗauki dambe da gaske sai ranar da ya yi yunƙurin tserewa daga gidan gyaran hali, wani fursuna mai suna Toru Rikiishi ya tare shi ya shimfiɗe shi a ƙasa. Daga ranar ya fara karanta katunan darasi da Danpei ke aiko masa da idon mai buƙata.

Chiba ya zana Rikiishi da jiki ya fi na Joe girma, alhali dambe aji-aji ne na nauyi. Don su haɗu a fage, dole Rikiishi ya sauko ajin Joe, wanda iyakarsa kilo 53 da rabi. Matsalar zane ta zama zuciyar labari. Rikiishi ya hana kansa ci da sha har aka ɗaure famfunan ruwa da waya; da ƙishi ya kusa haukata shi, Yoko Shiraki, jikar mai gidan damben da yake horo, ta miƙa masa ruwan ɗumi, ya gode mata ya zubar a ƙasa. Ya shiga fage ƙashi da fata, ya doke Joe a turmi na takwas. Joe ya miƙa masa hannu, Rikiishi ya miƙo nasa, ya kife a ƙasa. Bai tashi ba.

A watan Maris na 1970, ɗaruruwan mutane suka taru a ginin kamfanin Kodansha a Tokyo, aka kafa fagen dambe, aka kawo limamin addinin Buddha, aka yi wa Rikiishi jana'iza ta gaske, ƙarƙashin jagorancin marubuci Shuji Terayama da 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayonsa. Ba jarumin labarin aka yi wa makoki ba, wanda ya tsaya masa a gaba aka yi wa. A cikin labarin kuwa, Joe ya koma fage yana cin wasa da dukan ciki kawai. Abokan karawarsa suka gano hannunsa ba ya iya kaiwa fuska, domin dukan da ya yi wa Rikiishi a gefen kai na cikin abin da ya kashe shi. Ranar da ya tilasta wa kansa ya kai duka a fuska, a tsakiyar fage ya yi amai. Sai da ya bi 'yan damben ƙauye yana yawo, sai da Carlos Rivera na Venezuela ya zo, sannan hannun ya saki. Jikinsa kuma ya girma, kamar yadda jikin saurayi ke yi, nauyinsa ya fara wuce ajin. Aka ce ya hau aji na gaba, ya ƙi. Ya shiga yunwa da ƙishi irin na Rikiishi don ya zauna a kilo 53 da rabi, kuma a wannan aji ya kara da zakaran duniya Jose Mendoza, turmi 15, alƙalai suka ba Mendoza. Joe ya cire safar dambensa mai jini ya miƙa wa Yoko, ya koma kusurwarsa ya zauna a kan kujera, kai a sunkuye, ido a rufe, da murmushi a fuskarsa.